Inji Biyu a Motar Hajiya Rakiya

Duk saurayin da ya shigo warsharmu neman aiki, maganarsa ta farko ɗaya ce: "Usta, ai janareta tun a gida na san shi." Ba na musa masa. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi bai taɓa jan igiyar inji har kafaɗarsa ta yi tsami ba, to ban san a wace unguwa ya tashi ba. Amma injin da ke zaune bayan shago yana ba firji wuta dabam, wanda za a ɗora wa mota ya bi rairayi, mutane na barci a samansa, shi ma dabam. Na bayan shago in ya mutu, sai a yi tsaki a kunna fitilar waya. Na mota in ya mutu, wani lokaci babu gida ko ɗaya iya ganin ido.

Sunana Isuhu, mutumin Funtuwa ne ni. Karatu ya kawo ni Alƙahira kamar yawancin Hausawan da ke nan. Tallafin karatun ya tsaya a tsakiyar hanya, ni kuma ban yarda in koma gida hannu rabbana ba. Wani Basudane da muke haya tare a unguwar Arba wa Nus ya kai ni Hirafiyyin, unguwar makanikai, ya damƙa ni a hannun Usta Sayyid. Usta a nan shi ne ogan gareji, warsha kuwa garejin kansa. Bakinsa bai iya Isuhu ba, sai ya mayar da ni Yusuf, kuma har yau haka yake kirana.

Watannin farko bai bar ni na taɓa waya ko ɗaya ba. Wankin kafireta kawai, da goge fulogi, da tace baƙin mai. In an kawo inji mai ciwo, sai ya tayar da shi, ya sa ni in juya masa baya.

"Ya Yusuf, me ka ji?"

"Ƙara na ji, Usta."

"Ƙara kowa ya ji ta, har mai shayin can. Ni me ka ji nake tambaya."

A haka na koyi bambanta injin da mai ya yanke masa da wanda wuta ta yanke masa. Wanda mai ya yanke wa yakan yi tari, ya ja, ya saki, ya sake ja, sannan ya kwanta. Wanda wuta ta yanke wa shiru yake yi lokaci guda, kamar an toshe masa baki. Kayan aikinmu ba su da yawa: mita, filaya, sukudireba, sifanu, da guntun tiyo da ake kara wa a kunne don a gano inda ƙara take fitowa. Sai kuma wani abu da ba za ku same shi a akwatin kowane makaniki ba, wato turaren tsinke. Usta Sayyid ba ya sallamar mota sai ya tayar da injinta, ya kunna turare, ya bi gefen tagogi da ƙofa da ƙasan gado yana kallon inda hayaƙin turaren yake karkata. In ya ga wata kafa tana zuƙar hayaƙin zuwa ciki, motar ba za ta fita ba, ko mai ita zai kwana yana faɗa.

Dalilin turaren nan na gane shi ne ranar da wani Bature da matarsa suka kawo mana karafan ɗinsu daga Zamalek. Karafan ita ce motar da aka mayar da cikinta ɗaki, da gado da murhu da banɗaki, masu hali suna tafiya hutu da ita bakin teku ko cikin sahara. Sun je tafkin Fayyum da ƙaramin janareta irin na ɗauka. Saboda tsoron ɓarayi, mijin ya ɗaure shi da sarƙa a jikin tayar baya, daidai ƙarƙashin taga, suka kunna esi suka shiga ƙailula. Karensu ne ya cece su. Matar ta farka ta ga yana tangaɗi yana amai, ta yunƙura za ta tashi, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Da rarrafe ta buɗe ƙofa. Da suka zo wurinmu, mijin cewa yake injin ne ya lalace, a duba masa. Usta Sayyid ya tayar da shi, ya saurara, ya ce lafiyarsa ƙalau. Sannan ya mayar da shi inda aka ɗaure shi, ya kunna turarensa, ya riƙe kusa da salansa. Muna tsaye muka ga zaren hayaƙin ya miƙe ya shige ta tagar kamar an kira shi. Matar ta zauna a kan wata tsohuwar taya.

Tun daga ranar na san cewa tambayar da masu karafan suke kawo mana, wai na ɗauka za su saya ko na girke, ba tambayar kasuwa ba ce kawai.

Na ɗauka kun san shi. Yana da sauƙin kuɗi, kowane makaniki zai iya buɗe shi, in ka dawo daga tafiya ka shiga da shi gida ya yi maka aiki ranar da aka ɗauke wuta. Kana iya kai shi nesa da mota, ƙararsa da hayaƙinsa su tsaya can. Amma sai ka sauke shi, ka ja shi, ka zuba masa fetur, ka ja igiya, in man ya ƙare ka sake fita ko rana ce ko iska. Ba ya aiki mota na tafiya. Kuma yana da ƙafa, in ka juya baya wani ya taimaka masa ya tafi.

Na girke kuwa a jikin motar ake kafa shi, a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin daɓe. Daga tankin motar yake sha. Maɓalli ɗaya za ka danna kana zaune a ciki, kuma yana aiki ko kuna gudu a kan titi. Sai dai yana da tsada, sai an yanka jikin mota, in ya yi ciwo motar gaba ɗaya za ka kawo mana, kuma salansarsa a ƙarƙashin gadonka take. In wanda ya kafa shi ya yi ganganci, kai ne za ka shaƙa.

Saboda haka ni ba na tambayar mutum nawa ya tanada. Tambayarsa nake: wa zai shiga motar? Wa zai ɗaga injin? Me za a kunna, kuma in ya mutu na ɗan lokaci, me zai faru? Mai zuwa kamun kifi da abokansa ƙarti huɗu, na ɗauka ya ishe shi. Mai jinjiri da tsohuwa a mota, maganarsa dabam ce.

Shekarar korona ce ta kusa rufe mu. 'Yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, motocin safari suka yi layi a fili ƙura na hawa kansu. Wata da watanni ba wanda ya tambaye mu na ɗauka ko na girke. Muka koma gyaran famfunan tura ruwa na benaye da injin markaɗen masu sayar da lemon rake. Usta Sayyid ya sayar da babban injin waldarsa don kada ya sallami kowa. Da abubuwa suka fara buɗewa, aikin da ya fara zuwa shi ne na injinan da suka yi shekara a ajiye, fetur ya bushe a cikinsu ya zama kamar ƙaro. Na wanke kafireta a lokacin nan har fatar yatsuna ta saɓule. Ban yi ƙorafi ba. Warin fetur ya fi warin zaman banza.

A bazarar da ake yawan ɗauke wuta a Alƙahira ne Alhaji Mamman ya zo. Lokacin gwiwa ta riga ta zaunar da Usta Sayyid a kujera bakin ƙofa, ni ke riƙe da aikin. Alhaji mutumin Damagaram ne, ɗan kasuwa, ya daɗe yana zaune a Giza. Ya zo da wata tsohuwar bas mai shan gas da aka cire wa kujeru aka yi mata gado da kicin. Tare da shi akwai 'yarsa Nafisa, wadda ta gama karatun haɗa magunguna a nan, da matarsa Hajiya Rakiya, wadda ba ta sauko ba. Tana zaune a bakin gado da siririn tiyo a hancinta, tukunyar oksijin a gefenta.

Huhunta ne ya samu matsala. A gida tana da injin numfashi, wata na'ura mai kamar ƙaramar akwati da ke tace iska tana tura mata, kuma ba ta aiki sai da wuta. Ta yi kusan shekara biyu daga ɗaki sai asibiti. Likita ya ce in za a iya tabbatar mata da wuta, iskar bakin teku ba za ta cutar da ita ba. Shi ne Alhaji ya sayi bas ɗin nan.

"Malam Isuhu," in ji shi, "ni na ɗauka nake so. Shi na sani. In ya yi gardama a hanya, ko yaron mai faci zai duba mini shi. Wannan na ƙarƙashin mota, in ya tsaya a daji wa zan kira?"

Nafisa ta ce, "Baba, wa zai sauke shi? Kai da likita ya hana ka ɗaukar ko jarkar ruwa?"

"Ke fa?"

"Ni in ina waje ina fama da inji, wa ke wurin Inna? Kuma in muna tafiya fa? Daga nan zuwa bakin tekun Ras Sudr a kan tukunyar oksijin za ta zauna?"

Suka juyo gare ni. Na ce musu gaskiya kowa a cikinsu yana da hujja. Wanda zai ɗauki esi da firji da injin numfashi tare, in na ɗauka ne, sai ƙato wanda mutum biyu za su yi nishi kafin su sauke shi. Don haka ni na girke zan ba da shawara. Amma tsoron Alhaji ba na banza ba ne, domin inji inji ne, ba wanda ya taɓa yi wa mutum alkawari.

Alhaji ya fara cewa a ba shi kwana biyu ya yi tunani, sai muka ji ana ƙwanƙwasa gilashin taga. Hajiya ce take kiranmu da hannu. Muka hau. Tana magana tana hutawa tsakanin kalmomi, amma idonta tar yake.

"Malam Isuhu, sannu da aiki. Na ji ku duka. Ni da za a kunna wa abin ba wanda ya tambaye ni."

"A yi haƙuri, Hajiya. Me kika gani?"

"Ka kafa na ƙasan, saboda bayan Alhaji. Sannan ka samo mini ƙarami, wanda Nafisa za ta iya ɗauka da hannu ɗaya. Ba don esi ba, ba don firji ba. Don wannan kaɗai." Ta taɓa tiyon hancinta. "Na yi shekara talatin ina girkin taro, ban taɓa ɗora tukunyar baƙi ba tare da na ajiye gawayi a gefe ba, ko da gas cike yake."

Alhaji ya ce, "Inji biyu a mota ɗaya, Rakiya? Mutane za su ce mun haukace."

"Su ce. Ba da hancinsu nake numfashi ba."

Da na fassara wa Usta Sayyid abin da ta ce, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Khalas, Hajja ta gama magana. Yalla, ya Yusuf."

Aikin ya ci mana kwanaki. Muka yanka gefen bas ɗin ta baya, muka ƙera akwati, muka shimfiɗa masa abin tare zafi da ƙara, muka ɗora injin a kan robobi masu kauri don kada girgizarsa ta hana Hajiya barci. Salansar na ja ta har ta wuce ƙarshen motar, ɓangaren da babu taga. Na toshe kowace kafa a daɓen, na kafa na'urar da ke ihu in hayaƙi ya shiga ɗaki, na ware wa tukunyar oksijin wurinta nesa da murhu da wayoyi. A gefen motar na sa soket da doguwar waya don ƙaramin injin. Da muka gama, Usta Sayyid ya taso da sandarsa ya zagaya da turarensa da kansa.

Ranar da suka zo ɗauka, na sa Nafisa ta tayar da ƙaramin a gabana har ta iya. Sannan ta shiga gyara wa mahaifiyarta shimfiɗa, ni kuma na ja Alhaji gefe, tunda shi ke tuƙi. Na nuna masa cewa bututun da ke shayar da injin girke ba a kai shi ƙasan tanki. Da gangan ake tsayar da shi sama, yadda in man ya sauko kwata, injin zai daina samu, don kada ya shanye tankin ya bar mutum a daji ba abin tafiya.

"Alhaji, in allura ta kusa kwata, a nemi gidan mai."

"Tamam, tamam. Na ji."

Suka tafi. Kwana uku ina samun saƙon Nafisa, komai lafiya.

Rana ta huɗu, bayan azahar, ina kwance wata kafireta wayata ta yi ƙara. Da na ɗauka, iska na fara ji, sannan muryar Nafisa, ba yadda na san ta ba.

"Kawu, injin ya mutu. Na danna, na danna, ya ƙi tashi."

"Hajiya fa?"

"Na mayar da ita kan tukunya. Amma Kawu, allurar tukunyar ta kusa ja. Mun yi amfani da ita jiya da muka fitar da Inna bakin ruwa."

"Ina Alhaji?"

"Ya tafi masallaci da ƙafa, daga can zai wuce wurin masunta. Makullin motar na aljihunsa, wayarsa kuma ga ta nan a caji."

Na ajiye abin da ke hannuna, na sa wayar a sifika. Usta Sayyid ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ya ga fuskata, ya jawo kujerarsa kusa.

"Nafisa, daina danna maɓallin, kada ki kashe batir. Faɗa mini, da zai mutu, shiru ya yi lokaci guda ko tari ya yi?"

"Tari ya yi. Ya ja, ya saki, fitilu suka yi ƙasa suka dawo, sannan ya tsaya."

"Yaushe rabon Alhaji da shan mai?"

"Tun kafin mu tsallaka Suwes. Da safe ya ce in ya dawo daga salla za mu je gidan mai."

"To injin lafiyarsa ƙalau, mai ne ya sauka ƙasa da bakin bututunsa. Ki bar shi. Je ki fito da ƙaramin."

Na ji ƙarar buɗe akwatin baya, na ji tana nishi. Na ce ta duba inda iska take kaɗawa, ta kai shi ɓangaren da hayaƙin zai bar motar, iya tsawon wayar. Ta ce ta kai. Na bi da ita ɗaya bayan ɗaya: buɗe famfon mai, ja cok, kunna makunni, ja igiya. Ta ja. Injin ya kama, ya yi ƙara kaɗan, ya mutu. Ta sake ja. Ya kama, ya mutu. Ta sake.

"Kawu, ya ƙi! A warsha fa sau ɗaya na ja!"

"Akwai fetur a ciki?"

"Cike yake, ni na zuba!"

Kaina ya shiga lissafi: fulogi, kafireta, ƙura a matatar iska. Duk wanda na ambata, sai an kwance, kuma ba ta da sifana a hannu, ba ta da lokaci. Sai Usta Sayyid ya dafa hannuna. Ya karkata kunnensa ga wayar, ya yi mini alama ta sake ja. Ta ja. Ya kama, ya mutu.

"Wannan ba mai ba ne," in ji shi da Larabci. "Ba ya tari. Kashe kansa yake yi. Tambaye ta, a kan me ta ajiye shi?"

Na tambaye ta.

"A kan rairayi. Wajen gangaren ruwa."

Nan take na gane. Irin waɗannan ƙananan injinan suna da abin da ke kashe su in baƙin mai ya yi ƙasa, don kada su ƙone. In aka ajiye su a karkace, man sai ya taru gefe guda, injin ya ɗauka babu.

"Nafisa, a karkace yake. Nemo abu mai faɗi, mai ƙarfi. Katako, murfi, komai."

Na ji gudunta a rairayi, na ji ƙofar mota, na ji wata murya can ƙasa-ƙasa tana magana. Sannan Nafisa ta dawo tana haki.

"Inna ta ce in ɗauki babban tiren shayi."

"Madalla. Share rairayin da ƙafarki ya kwanta, ki danna tiren, ki ɗora shi. Duba da idonki, ya zauna daidai?"

"Ya zauna."

"Bismillah. Ja."

Ya kama. Ni da Usta muna jiran ya mutu. Bai mutu ba. Ƙarar ta daidaita, ta miƙe, irin wadda ko cikin barci na ji ta na san lafiya ce. Na ce ta mayar da cok, ta soka doguwar wayar a soket ɗin gefen mota. Ta shiga ciki da wayar salularta a hannu. Na ji injin numfashin ya yi ƙararsa ta tashi, sannan ya fara wannan huci nasa a hankali.

Sai na ji Nafisa tana cewa, "Inna, ja a hankali. Haka. Haka." Daga baya wayar ta koma wani hannun.

"Malam Isuhu."

"Na'am, Hajiya. Ya jikin?"

"Alhamdu lillahi. Ka gaida mini dattijon nan naka." Ta huta. "Kuma ka ce masa tirena na Makka ne, in ya ƙone shi zai biya."

Na fassara wa Usta Sayyid. Ya cire hularsa, ya share zufar kansa da ita, ya ce, "Alhamdu lillah, alhamdu lillah." Sannan ya dube ni ya ce in tashi in kashe famfon fetur ɗin da na bari a buɗe yana ɗiga a ƙasa tun ɗazu, ko so nake in ƙone masa warsha.

Alhaji ya kira da la'asar. Ya dawo da kifinsa a leda ya tarar da abin da ya faru. Suka je gidan mai suka cika tanki, na koya masa yadda zai riƙe maɓallin har famfo ya kori iskar da ta shiga bututun, babban injin ya tashi. Na ɗauka a ranar za su juyo. Hajiya ta ce ba inda za ta, ba ta gama kallon ruwa ba. Suka aika aka cika musu tukunya a garin, suka ƙara kwana uku.

Da suka dawo, kai tsaye warsha suka zo, motar duk gishiri da rairayi. Alhaji ya sauko yana ɗingishi, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ka faɗa mini, Malam Isuhu. Da kunnena na ji. Na ga allurar da safe, na ce bari in yi salla tukuna."

"Ma'alish, ba komai, Alhaji. Allah ya tsare. Zan sa muku fitila a ciki, kusa da gadon Hajiya, wadda za ta kama tun man bai kai kwata ba. Kowa ya gani, ba direba kaɗai ba."

"Sa biyu ma."

Hajiya ta leƙo ta taga. Rana ta ɗan ƙona mata fuska, muryarta kuma ta fi ƙarfi fiye da ranar da na fara ganinta.

"Malam Isuhu, an ce akwai wani gari can yamma, Siwa, mai dabino da idanun ruwa. Motar nan za ta kai?"

Alhaji ya riƙe baki. "Rakiya, ko wanka ba mu yi ba daga wannan tafiyar!"

"Ba kai na tambaya ba."

Na ce mata hanyar tana da nisa ƙwarai, gidajen mai kuma ba kusa da juna suke ba. In da gaske take, sai an ƙara wa motar tanki na biyu, an nemi tukunya babba, an kuma ji ta bakin likita.

"Likita nawa ne, ni zan ji da shi," in ji ta. "Kai dai auna tankinka."

Na ɗauki tef ɗina da alli, na shimfiɗa kwali, na shige ƙarƙashin motar. Babban injin na aiki kusa da kunnena, lafiya lau. Ta cikin daɓen ina jin takun Nafisa, ina jin Alhaji yana ta lissafa dalilan da suka sa ba za a je Siwa ba, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya kawo, sai in ji Hajiya ta yi dariya, doguwar dariya, ba ta tsaya neman numfashi a tsakiya ba. Na gama awon tun tuni, amma ban yi saurin fitowa ba.